Tiyatar ƙaramin huji ga cutar endometiriyosis da ta kama mafitsara ko bututun ƙoda

Endometiriyosis cuta ce da wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa: a kan jakar ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji, ko a kan tantanin da ya lulluɓe cikin mara. Wannan nama yana amsa sinadaran jikin mace kamar yadda shimfiɗar mahaifa ke amsawa. Duk wata idan al'ada ta zo sai ya kumbura, ya yi ɗan jini a wurin da jinin ba shi da mafita. Yau da gobe wurin sai ya yi tabo mai tauri, ya manne kayan ciki da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana shafar kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, wato mata kusan miliyan 190 a faɗin duniya. Ba ciwon daji ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga miji.

A yawancin mata cutar takan tsaya a kewayen mahaifa. A kusan 1 cikin 100 na masu ita takan shiga hanyar fitsari, kuma adadin ya fi haka nesa ba kusa ba a tsakanin masu nau'in da ke nutsewa cikin nama, wato wanda zurfinsa ya wuce milimita 5. Mafitsara ce ta fi kamuwa. Daga ita sai bututun da ke sauko da fitsari daga kowace ƙoda zuwa mafitsara, wanda likitoci ke kira yureta, mu kuma za mu kira shi bututun ƙoda. Ƙodar kanta da hanyar da fitsari ke fita waje ba safai suke kamuwa ba.

Wuraren nan biyu halinsu ya sha bamban, kuma wannan bambanci shi ne abin da muka fi son mara lafiya da danginta su gane. Idan cutar ta kama mafitsara, mace takan sha wahala har ta nemi asibiti da kanta. Idan ta kama bututun ƙoda, sau da yawa babu wani ciwo da zai tayar da hankali, alhali ƙodar tana lalacewa a hankali.

Idan a mafitsara take

Mafitsara tana zaune a gaban mahaifa, suna jingine da juna. Cutar takan fara daga bayan mafitsara ko daga samanta, ta ci bangon daga waje zuwa ciki, ta zama ƙululu mai tauri a cikin tsokar bangon. Alamunta su ne zafi lokacin fitsari, yawan jin fitsari ko da kaɗan ne ya taru, ciwon mara idan mafitsara ta cika, da jin kamar fitsarin bai ƙare ba. Abin da ya bambanta ta da sauran cututtuka shi ne alamun sukan tsananta gab da al'ada da lokacin al'ada, su yi sauƙi bayanta. Fitsarin jini lokacin al'ada alama ce mai ƙarfi, amma ƙalilan ne ke samunsa, domin ƙululun ba kullum yake huda fatar cikin mafitsara ba. Wasu matan sukan same ta bayan an yi musu tiyatar ciro jariri, a wurin da tabon mahaifa ya haɗu da mafitsara.

A wurinmu waɗannan alamu suna da suna tun kafin mace ta iso gaban likita: ciwon sanyi. Sai a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis, wata bayan wata, a haɗa da na gargajiya, wani lokaci har a zargi maigida ko kishiya. Idan ana yi miki gwajin fitsari a ɗakin gwaji ba a samun ƙwayar cuta, kuma kin lura ciwon yana bin al'ada, ki gaya wa likita haka ƙarara. Rubuta ranakun ciwon da ranakun al'ada na wata biyu ko uku yana taimaka masa ƙwarai. Ga wadda ke fitsarin jini kuma ta tashi kusa da rafi, dam ko fadama, dole a duba tsargiya tukuna, domin ta fi endometiriyosis yawa a ƙasarmu kuma maganinta ƙwaya ce kawai.

Idan a bututun ƙoda take

Bututun ƙoda siriri ne, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, kaurinsa kuwa 'yan milimitoci ne. Ƙarshensa na ƙasa yana ratsawa ta gefen bakin mahaifa, kusa da jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa ta baya, kuma nan ne mazaunin endometiriyosis mai zurfi. A mafi yawan lokuta cutar ba ta shiga cikin bututun, tabonta ne ke nannaɗe shi daga waje yana shaƙe shi. A kusan kashi 1 cikin 5 kuwa takan ci bangon bututun kansa. Galibi gefe ɗaya take kamawa, kuma hagu ya fi dama kamuwa.

Bututun da ya ƙuntata a dare ɗaya, kamar yadda tsakuwar ƙoda ke toshe shi, yana sa ciwon kwiɓi mai tsanani wanda ba ya ɓoyuwa. Wanda ya ƙuntata a hankali cikin watanni ko shekaru ba haka yake ba. Fitsari yakan taru a sama, ƙoda ta kumbura, namanta ya yi ta sirancewa, mace kuma tana fitsarinta yadda ta saba domin ɗaya ƙodar tana ɗauke da aikin duka biyun. Ko gwajin jini na aikin ƙoda, wanda ke auna sinadarin kiriyatinin, yana iya fitowa lafiya lau saboda wannan dalili. Akwai matan da ba a gano matsalar sai ƙodar ta riga ta mutu, wasu kuma hawan jini a ƙuruciya ne ke fara tona asirin. Naman ƙoda da ya mutu ba ya dawowa ko an buɗe bututun daga baya.

Saboda haka duk macen da aka ce tana da endometiriyosis mai zurfi, musamman mai ƙululu babba a bayan mahaifa ko tsakanin farji da dubura, ya kamata a yi mata hoton sikanin na ƙodoji biyu ko da ba ta da ƙorafin fitsari ko kaɗan. Hoto ne mai sauƙin kuɗi, babu zafi, kuma ana yinsa a yawancin garuruwa. Idan likita bai ambata ba, ki tambaya.

Binciken da ake yi kafin a shiga ɗakin tiyata

Sikanin ta farji, idan ƙwararre ne ya yi shi kuma da ɗan fitsari a mafitsara, yana nuna ƙululun mafitsara sosai, yana kuma iya bin ƙarshen bututun ƙoda. Budurwa ba a tilasta mata wannan: ana iya yin hoton ta saman ciki da cikakkiyar mafitsara, ko ta dubura, ko a tafi hoton MRI. Shi MRI yana zana taswirar cutar gaba ɗaya, har da hanji da jijiyoyi, abin da likitan tiyata ke buƙata don ya san irin aikin da ke jiransa da kuma waɗanda zai gayyata su taya shi.

Akwai kuma leƙa cikin mafitsara da siririyar kyamara ta hanyar fitsari, wanda ake kira sistoskofi. Amfaninsa biyu ne: a tabbatar ba wani ciwo daban ba ne, kamar ƙarin mafitsara, sannan a auna nisan ƙululun daga ƙofofin da bututun ƙoda biyu ke zuba fitsari. Idan ƙululun ya matso kusa da ƙofa, aikin ya ƙara wuya. Idan kuwa an ga ƙoda ta kumbura, akan nemi wani hoto na musamman da ke raba aikin ƙoda gida biyu, ya nuna kason da kowace ke yi. Ba kowane asibiti ke da na'urarsa ba, amma shi ne ke raba gardama kan ko ƙodar za ta ceto.

Ƙwayoyi da allurai fa?

Magungunan da ke kwantar da al'ada, kamar ƙwayoyin tazarar haihuwa, ƙwayar dienogest, robar mahaifa mai sakin sinadari, da allurai irin su goserelin, suna rage ciwon mafitsara ga mata da yawa. Mace mai ƙaramin ƙululu a mafitsara, wadda ƙodojinta ke lafiya kuma ba ta neman ciki yanzu, tana iya zaɓar su a ci gaba da sa ido. Sai dai ba sa kawar da ƙululun, ciwon yakan dawo idan an daina, kuma ba a ɗaukar ciki ana kansu.

Bututun da ya riga ya shaƙe kuwa, magani ba ya buɗe shi, domin tabo ne ya ɗaure shi, tabo kuma ba ya narkewa da ƙwaya. Haɗarin ma shi ne maganin ya kashe ciwon mara, kowa ya saki jiki, ƙoda kuma ta ci gaba da lalacewa. Ƙoda mai kumburi saboda endometiriyosis aikin tiyata ce. Idan tiyatar za ta jinkirta saboda kuɗi ko neman ƙwararre, ana iya sa siririyar roba a cikin bututun, ko a huda ta baya a sa roba kai tsaye cikin ƙodar, don fitsari ya samu hanya kafin ranar. Kuma mai matsalar ƙoda ta yi hattara da magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu ciwon mara ke sha kamar gyaɗa. Suna ƙara wa ƙoda nauyi.

Yadda tiyatar take

Sunanta a asibiti lafaroskofi. Ana sa mara lafiya barci gaba ɗaya. Likita zai yi ƙaramin yanka a cibiya, a hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki don fatar ciki ta ɗaga a samu fili, sannan a zura kyamara. Sai a ƙara huji biyu, uku ko huɗu a ƙasan ciki, kowane tsakanin milimita 5 zuwa 12, a zura dogayen kayan aiki. Likita yana kallon allo yana aiki. Kyamarar tana girmama hoto, tana kuma shiga lungunan mara da ido ba ya gani sosai idan an tsaga ciki, wanda ke da muhimmanci a aikin da ake yi kusa da bututu siriri da ƙananan jijiyoyi. Tun farkon shekarun 1990 likita Camran Nezhat da abokan aikinsa a Amurka suka fara ba da rahoton yanke sashen bututun ƙoda da na mafitsara ta wannan hanya, yanzu kuma ita ce hanyar da aka fi so a cibiyoyin da suka ƙware a cutar. A wasu wurare likita yana sarrafa kayan aikin ta na'urar mutum-mutumi, amma aikin da ake yi a ciki ɗaya ne.

Kada ƙanƙantar hujin ta ruɗe ki. Abin da ake yi a ciki babbar tiyata ce, tana iya ɗaukar awanni da dama, musamman idan hanji ma ya kamu.

A mafitsara, likita zai fara raba ta da mahaifa. Idan ƙululun bai ratsa bangon duka ba, ana iya fere shi daga waje ba tare da an buɗe mafitsara ba. Idan ya nutse, sai a yanke wannan sashe na bangon gaba ɗaya da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, a ɗinke da zare mai narkewa, a cika mafitsarar da ruwa mai launi a tabbatar ba ta yoyo. Mafitsara gaɓa ce mai saurin warkewa da miƙewa, kuma galibi takan koma riƙe fitsari yadda ya kamata cikin 'yan makonni ko watanni. Sakamakon wannan aiki yana da kyau: mafi yawan mata ciwon fitsarinsu yana tafiya, kuma ba safai ƙululun ke dawowa ba idan an cire shi duka. Kankare shi ta cikin mafitsara kaɗai, ta hanyar fitsari, bai isa ba, tunda saiwarsa a waje take.

A bututun ƙoda aikin ya danganta da abin da aka tarar. Matakin farko kullum shi ne kwance shi: likita zai samo bututun a sama inda yake lafiya, ya bi shi ƙasa yana ɓare tabon da ya nannaɗe shi, yana kiyaye ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangonsa. Ga mata da yawa wannan ya wadatar, bututun yana sakewa a ga fitsari na wucewa. Idan bayan an kwance shi wurin ya ci gaba da zama a ƙuntace, ko bangon ya ciwu, sai a yanke guntun da ya lalace a haɗa bakin biyu a ɗinke. Idan kuma ɓarnar tana dab da mafitsara, ko guntun yana da tsawo, akan yanke bututun a saman ciwon a dasa shi a sabon wuri a jikin mafitsara. Wani lokaci sai an jawo mafitsarar sama an ɗaure ta a jikin tsokar ƙugu, ko an yanko wani sashe nata an naɗe shi kamar bututu, don su haɗu ba tare da ɗamewa ba.

A nan likitoci kan yi saɓani, kuma ya dace ki sani. Kwancewa kaɗai ya fi sauƙi a jiki, amma idan ƙoda ta kumbura sosai akwai yiwuwar wurin ya sake ƙuntata. Dasawa ya fi girma, zaman robar ya fi tsawo, amma ba safai toshewar ke dawowa ba. Sau da yawa ba a iya yanke hukunci sai an gani da ido, shi ya sa takardar amincewa da za ki sa wa hannu takan ƙunshi dukkan hanyoyin. Ki nemi a karanta miki ita da Hausa, a gaban maigida ko wanda kika amince da shi, kafin ranar tiyata ba da safiyarta ba.

Idan hoto ya nuna ƙodar ta kusa daina aiki, misali kasonta bai kai 10 zuwa 15 cikin 100 ba, kuma tana jawo ciwo, yawan zazzaɓin ƙoda ko hawan jini, ana iya ba da shawarar cire ta, shi ma ta ƙaramin huji. Mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya mai kyau, mace kuma tana iya ɗaukar ciki ta haihu da ita ƙarƙashin kulawar likita. Ba a buƙatar wankin ƙoda muddin ɗayar tana aiki.

Bayan an fito

Kwanciyar asibiti takan zama 'yan kwanaki. Ciwon kafaɗa a kwana ɗaya ko biyu na farko daga ragowar iskar da aka hura ne, yana wucewa da kansa, tashi a ɗan taka kuma yana rage shi tare da kare ki daga daskarewar jini a ƙafa.

Idan an buɗe mafitsara, za ki koma gida da robar fitsari da jakarta, galibi na kwana 7 zuwa 14. Aikinta ta hana mafitsara cika har ɗinkin ya kama. Jakar ta zauna ƙasa da mara a kowane lokaci, kada robar ta lanƙwashe, ki sha ruwa sosai. Idan fitsari ya daina sauka cikin jakar na wasu awanni kuma mara ta fara cika, wannan na gaggawa ne, domin ɗinkin na iya ɓallewa. Kada kowa ya cire ta a gida ko a kemis. Likitoci da yawa sukan yi hoton mafitsara da ruwa mai nunawa kafin su cire.

Idan an taɓa bututun ƙoda, galibi akwai wata roba ta biyu wadda ba a gani, siririya mai lanƙwasa a kai da gindi, kanta a ƙoda gindinta a mafitsara. Takan zauna mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Tana sa yawan fitsari, ɗan jini a fitsari bayan aiki ko tafiya, da sukar kwiɓi lokacin fitsari. Duk wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a manta da ita. Robar da aka bari watanni da yawa takan yi tsakuwa, ta toshe, ta kashe ƙodar da aka yi wahalar cetowa. Kafin a sallame ki, ki tambaya ko an sa miki ita, a rubuta ranar cirewa a katinki, wani a gida ma ya san ranar. Cirewar aikin mintoci ne ta hanyar fitsari, babu yanka.

Ayyukan gida marasa nauyi ana komawa gare su cikin mako biyu zuwa huɗu. Ɗaukar ruwa, daka da makamantansu su jira kamar mako shida. Saduwa da maigida ma haka, ko fiye idan an yanka saman farji, sai likita ya duba ya ba da izini.

Matsalolin da ka iya biyowa

Kamar kowace tiyata, akwai zubar jini har a buƙaci ƙari, shigar ƙwayoyin cuta, da raunin hanji. Wani lokaci dole a bar ƙaramin huji a tsaga ciki a tsakiyar aiki, kuma wannan ba gazawa ba ce. Na musamman ga wannan aiki su ne yoyon ɗinki zuwa cikin ciki, sake ƙuntatar bututu, da raunin jijiyoyin da ke sa mafitsara ta matse, wanda ke sa fitsari ya ƙi fita bayan an cire roba. Wannan na ƙarshe yakan warware cikin makonni, ko da yake wasu sukan koyi zura ƙaramar roba da kansu na ɗan lokaci.

Tambayar da mata suka fi yi da zarar sun ji za a taɓa mafitsara ita ce ta yoyon fitsari, domin kowa ya san wahalar masu shi. Yana iya faruwa, amma ba kasafai ba, kuma haɗarinsa ya fi yawa idan an buɗe mafitsara da farji a zama ɗaya, kamar idan an haɗa da cire mahaifa. Ya bambanta da wanda doguwar naƙuda ke jawowa, inda nama mai yawa ke mutuwa, kuma ana gyara shi.

Wani rauni, musamman na zafin na'urar ƙona jijiyoyin jini, ba ya bayyana sai bayan kwana biyar zuwa mako biyu, lokacin kina gida. Ki koma asibitin da aka yi miki aiki ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba idan kin ga zazzaɓi, ciwon kwiɓi ko na ciki da ke ƙaruwa, kumburin ciki da amai, ruwa mai kama da fitsari yana zuba ta farji, raguwar fitsari, gudan jini a fitsari, ko kumburin ƙafa ɗaya da numfashi sama-sama.

Wa ya kamata ya yi aikin

Wannan ba tiyatar likita ɗaya ba ce. Tana buƙatar likitan mata da ya saba da endometiriyosis mai zurfi, da likitan mafitsara, wani lokaci da likitan hanji. Aikin farko shi ne ya fi kowane damar yin nasara, domin kowace sake shiga tana tarar da sabon tabo a kan tsoho. Ba kowane asibiti mai na'urar lafaroskofi ke da masu wannan ƙwarewa ba, kuma ba rashin kunya ba ne ki tambayi likita sau nawa yake yin irin wannan aiki da kuma wanda zai taya shi idan an tarar da bututun ya ciwu. A ganinmu, tsaga ciki a hannun ƙwararru ya fi ƙaramin huji a hannun wanda bai saba ba, kuma ƙodar da ke kumbure bai kamata ta yi shekara tana jiran a tara kuɗin tafiya ƙasar waje ba.

Cire mahaifa ba ya cikin wannan aiki sai da wani dalili daban, kuma shi kaɗai ba ya warkar da ƙululun da ke mafitsara ko bututu. Mai neman haihuwa ta faɗa tun kafin tiyata, don a kiyaye jakar ƙwai gwargwadon iko, a kuma tsara lokacin da za ta fara nema bayan an cire robobi. Wadda ba ta nema yanzu akan ɗora ta a kan maganin kwantar da al'ada don rage dawowar cutar. Ko wace ce daga ciki, idan an taɓa bututun ƙoda za a sake hoton ƙodojin 'yan makonni ko watanni bayan cire robar ciki, sannan lokaci zuwa lokaci na wasu shekaru, ko da tana jin kanta garau.